Tanadin Tsufa: Tambayoyin Da Mutanenmu Na Kudu Ke Yawan Yi Kan Fansho, Ajiya Da Komawa Gida

A zangunanmu na kudu, in ka ambaci ritaya sai a ɗauka maganar ma'aikatan gwamnati kake yi. Ɗan kasuwa zai ce maka shi ba ya ritaya, tunda ba wanda ya ɗauke shi aiki balle ya sallame shi. Haka ne, amma gwiwa da ido da hawan jini su ke ba da tasu takardar sallamar. Mutumin da ke bin tirelar shanu daga Mariga zuwa Kara ta bakin Legas yana ɗan shekara 30, kwana biyu a hanya ba barcin kirki, ba zai iya wannan ba yana da 65.

Da can akwai tsarin da ke riƙe tsoho. Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, wanda ya daɗe a fatauci yakan zama maigida, yana saukar da baƙi masu shanu da goro, yana tsaya musu a wurin mahauta, yana cin la'ada har ƙarshen ransa. Yanzu waya da tiransifa sun rage wannan sosai, mai shanu a Arewa yana magana da mai saye kai tsaye. 'Ya'yan da ake sa ran za su ɗauki nauyi, su ma kuɗin haya da na makaranta sun sha musu kai. Shi ya sa na tattaro tambayoyin da aka fi yi, daga nan Minna da kuma wajen 'yan'uwa da ke kudu, da abin da doka da lissafi suka ce a kai.

Wai yaya tsarin fanshon yanzu yake?

Kafin 2004, ma'aikaci ba ya zuba komai, gwamnati ce ke alkawarin biyansa garatuti da fansho daga baitulmali. Bashi ya taru, tsofaffi suna ta layin tantancewa. A 2004, zamanin Obasanjo, aka yi dokar da ta kawo tsarin karo-karo, sannan a 2014 Jonathan ya sa hannu a kan wadda ta maye gurbinta, ita ce ke aiki yau.

A ƙarƙashinta ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashinka, wanda kake yi wa aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, jimla 18. Lissafin yana hawa ne a kan ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri. Kuɗin yana shiga asusun da ke da sunanka da lambarka, ana ce masa RSA. Kamfanin da ke juya kuɗin shi ne PFA, irin su Stanbic IBTC Pension Managers, Premium Pension, Trustfund ko Leadway Pensure. Amma ba su ke riƙe kuɗin ba. Yana hannun wasu kamfanonin ajiya daban, na First Bank da UBA da Zenith, don kada mai juyawa ya zama shi ne mai riƙewa. Hukumar PenCom ce ke sa ido a kan dukkansu, kuma kuɗin da ya taru a tsarin ya haura naira tiriliyan 20 tun 2024.

Sojoji da jami'an leƙen asiri an cire su daga wannan tsari, 'yan sanda kuwa suna ciki. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da suka bar aiki a tsohon tsari, kamar dattawan reluwe da muke da su da yawa a Minna tunda garin jirgin ƙasa ne, su hukumar PTAD ce ke biyansu. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki in ya kai shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman makaranta dokar 2022 ta ɗaga musu zuwa 65 ko 40.

Wani abu da ke ruɗa mutane shi ne jiha ba tarayya ba ce. Kowace jiha sai ta yi tata dokar. Legas ta yi tata a 2007, hukumar LASPEC ke kula da ita. Neja na cikin jihohin farko, ta yi doka a 2006 lokacin Gwamna Abdulƙadir Kure, amma a 2015 aka dakatar da zuba kuɗin, aka ɗauki shekaru kafin a koma, ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ta taƙaddama da gwamnati a kai. Saboda haka in kana da yaya ko kawu da ke aikin jiha ko ƙaramar hukuma a Neja, kada ya lissafa shekarun aikinsa ya ninka da kashi 18 ya ce ga abin da yake da shi. Ya karɓi bayanin asusunsa a takarda, ya duba watannin da kuɗi ya shiga da waɗanda bai shiga ba, sannan ya je Hukumar Fansho ta Jiha a Minna ya ji a wane tsari sunansa yake.

Ina aiki a kamfani a Legas, ana cire min. Ta yaya zan san yana shiga?

Wannan ta fi shafar masu gadi, direbobi da masu lodi a Apapa, Ikeja ko Fatakwal, musamman waɗanda ɗan kwangila ya kawo su ba kamfanin da kansa ba. Ganin an rubuta fansho a takardar albashi ba shi ne shaidar kuɗin ya shiga ba. Doka ta ce a tura shi cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, wanda ya ƙi kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a kowane wata. Shaidar ita ce saƙon da PFA ɗinka ke turo maka a waya, ko bayanin asusu da za ka karɓa a ofishinsu kyauta. In wata uku, huɗu suka wuce shiru, ka fara da ofishin da ke biyanku albashi. In suka yi maka yawo da hankali ka rubuta wa PenCom. Hedikwatarta na Abuja, tana da ofisoshi a Legas, Awka, Kalaba da Ilorin.

Kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama dole ne ya shiga tsarin, kuma dole ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai da ta kai ninki uku na albashinsa na shekara. Iyalai da yawa ba su san da wannan ba, mutum ya rasu a bakin aiki, a ba su kuɗin ta'aziyya su yi godiya su tafi. Idan kuma PFA ɗin ce ba ta gamsar da kai ba, tun Nuwamba 2020 kana da damar canzawa zuwa wata sau ɗaya a shekara, ba ko sisi.

Zan iya taɓa kuɗin kafin in tsufa?

A taƙaice sai ka kai shekara 50 kuma ka bar aiki. Ƙofofin da aka bari kaɗan ne. Wanda ya rasa aiki ya yi wata 4 bai samu wani ba, yana iya karɓar kashi 25. Wanda rashin lafiya ta hana shi aiki, da shaidar likitoci, yana iya yin ritaya da wuri. Tun 2022 kuma ana iya amfani da abin da bai wuce kashi 25 ba a matsayin kuɗin shiga bashin sayen gida, ga wanda ya yi aƙalla wata 60 yana zubi. Duk abin da ka cira yau, daga abincin tsufanka ka cira.

Ranar ritaya: a dunƙule ko wata-wata?

Nan ne ake yawan jin ciwo. Mutum ya ga miliyan 8 a asusunsa, ya riga ya raba ta a ransa: rufin gida, auren 'ya, ɗan jari. Sai a ce masa ba duka za a ba shi ba. Ana ba da wani kaso a dunƙule, sauran a mayar da shi albashin wata-wata. Kason ba ɗaya ba ne ga kowa, ana duba shekarunka, albashinka na ƙarshe, namiji ne ko mace, da yawan abin da ya taru. Sai wanda ajiyarsa ta yi ƙanƙanta ƙwarai ne ake miƙa wa duka lokaci guda.

Sauran kuma hanya biyu ce, kuma zaɓin nan ya fi kowanne nauyi a rayuwar ɗan fansho. Ta farko, kuɗin ya ci gaba da zama a wurin PFA, tana juya shi tana biyanka duk wata. In riba ta yi kyau akan yi ƙari, kamar yadda aka fara yi a 2017. In ka rasu, abin da ya rage na magadanka ne. Haɗarinta shi ne in Allah ya yi maka tsawon rai sosai, asusun na iya yin rauni.

Ta biyu ita ce anuwiti. A ɗauki kuɗin a ba kamfanin inshora, shi kuma ya yi alkawarin biyanka har ranar da ka bar duniya, ko shekara 100 ka yi. Amma garantin magada na shekara 10 ne kawai. In ka rasu a shekara ta 4, za a ba iyalinka na shekara 6 da suka rage. In ka rasu a ta 12, ba su da komai. Kuma wanda ke hanya ta farko yana iya komawa anuwiti, wanda ya shiga anuwiti ba ya dawowa.

To wacce ta fi? Ba amsa ɗaya. Mai mata biyu da ƙananan yara 9 da ciwon suga, lissafinsa daban da na wanda 'ya'yansa duk sun kama sana'a kuma a gidansu ana kai shekara 90. A ganina mutanenmu masu iyali da yawa su yi dogon tunani kafin su sa hannu a hanyar da ba a dawowa, ko da adadin wata-watan da aka nuna musu ya ɗan fi. Ka kuma lura da wanda ke ba ka shawarar. Wakilin inshora yana da kamasho in ka koma wajensu, ma'aikacin PFA kuma ba ya son kuɗin ya bar hannunsu. Mu da muka tashi a kara mun san dillali ba ya kushe san da zai ci la'adarsa. Ba wai ƙarya yake ba, rabin maganar kawai yake faɗa maka.

Akwai kuɗin ruwa a ciki?

Yawancin kuɗin fansho a takardun bashin gwamnati ake zuba shi, waɗanda ke biyan ruwa, kuma wannan ya hana mutanenmu da yawa sakin jiki. Tun Yuli 2018 aka raba asusun gida-gida: na ɗaya da na biyu ga 'yan ƙasa da shekara 50, na uku ga masu 50 zuwa sama, na huɗu ga waɗanda suka yi ritaya. A 2021 aka ƙaro na shida, wanda aka tsara a kan hada-hadar da ba ruwa, kamar sukuk. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk a Satumba 2017, na naira biliyan 100, don aikin hanyoyi. Ba a kai mutum asusu na shida haka kawai, sai ya cike fom ya nema. Ka ce su nuna maka inda ake zuba kuɗin, ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki ya duba maka. Ajiyar yau da kullum kuma akwai Jaiz da ya fara a 2012, TAJBank a 2019, da Lotus a 2021.

Ni ɗan kasuwa ne, ba ni da albashi

Yawancin masu karanta wannan a nan suke: masu shanu, masu gwari da albasa, 'yan canji, masu suya, 'yan acaɓa, mata masu sana'ar cikin gida. Ranar 28 ga Maris 2019 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da ƙaramin shirin fansho don irinmu. Duk mai shekara 18 da ke da sana'a yana iya buɗewa a kowace PFA da lambar NIN, ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, kullum, ko mako-mako, ko wata-wata. Yadda aka faro shi, kashi 40 na abin da ka zuba kana iya cira in buƙata ta taso bayan wata 3 da farawa, kashi 60 kuma a kulle sai tsufa. A 2025 PenCom ta sake wa shirin fasali da suna, ya koma Personal Pension Plan, saboda haka ranar buɗewa ka sa a rubuta maka kason da ake cira da wanda ake kullewa.

Bari mu yi lissafi na gaskiya. Naira 500 kullum, kwana 26 a wata, 13,000 ke nan. A shekara 156,000. A shekara 20, miliyan 3 da dubu 120, ban da riba. Ba za ta riƙe gida ba. Amfaninta shi ne kuɗi ne da ɗan'uwa ba zai zo ya ranta ba, gobarar kasuwa ba ta cin shi, kai ma ba ka iya kwashe shi ranar da kasuwa ta ja ka. Mai shanu ya fi sauƙin ɗaura zubin a kan kai, ba a kan rana ba: naira 2,000 a kan kowace saniya da ta fita, tirela mai 30 ta ba da 60,000 a tafiya ɗaya, kuma ba zai ji ta a jikinsa ba.

Adashi fa? Adashi yana da kyau wajen haɗa jari ko kayan ɗaki. Amma kwasarsa ba ta wuce shekara, ba ya haihuwa, kuma ya dogara ga amanar uwar adashi. Ba a yi shi don shekara 20 ba.

Shanu da fili ba su fi duk wannan ba?

Mahaifina zai ce maka saniya ita ce banki, tana haihuwa, tana ba da nono, kuma farashinta na bin tsadar rayuwa. A nan yana da gaskiya, don babban maƙiyin ajiyar takarda shi ne hauhawar farashi. A Disamba 2024 hukumar ƙididdiga ta NBS ta sa shi a kashi 34.8. Ko a kashi 25 ne, farashin kaya yana kusan ninkawa duk shekara 3. Dubi mafi ƙarancin albashi: 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a 2024, Neja ma ta sa nata 80,000, amma ba wanda zai ce maka ya fi jin daɗi. Wanda ya binne miliyan ɗaya a 2015 ya tono ta yau, ya san abin da ya rasa.

Sai dai saniya tana da nata maƙiyan. Ɓarayin daji sun kwashe garken mutane a Mariga, Rafi, Shiroro da Munya cikin dare ɗaya, dukiyar shekara 30. A Satumba 2021 gwamnatin Neja ta rufe kasuwannin shanu na mako-mako saboda tsaro, mai shanu na kallon dukiyarsa ba halin sayarwa. Ciwon huhu in ya shiga garke ba ya tambayar na waye. Shago ma haka: rikicin Mile 12 a Maris 2016 da na kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairu 2021 sun mayar da masu rumbuna cike da kaya masu neman na mota zuwa gida. Ba cewa nake a sayar da shanu a kai banki ba. Abin da nake cewa, wanda duk abin da ya mallaka yana da ƙafa huɗu, ko yana cikin kasuwa ɗaya, dare ɗaya ya ishe shi. Wani kaso a dabba, wani a ƙasa, wani a asusun da wuta da ɓarawo ba sa kai wa.

Bankin ma da iyakarsa. Hukumar NDIC tana tsaya wa mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki, tun Mayu 2024. Da aka soke lasisin Heritage Bank a Yuni na wannan shekarar, masu abin da ya haura haka sai da suka jira a sayar da kadarori. Mai kuɗi da yawa ya raba su banki biyu ko uku.

In tsufa a nan, ko in koma Arewa?

Kusan kowa zai ce gida zai koma, amma kaɗan ne suka zauna suka yi maganar da matansu da 'ya'yansu. Yaron da aka haifa a Agege, Yarabanci a bakinsa, sana'arsa da abokansa duk a can, ba lallai ya bi ka ba. In ka koma kai kaɗai da tsohuwarka, wa zai kai ka asibiti? In kuma ka zauna, a gidan haya za ka tsufa?

Mutane da yawa suna zaɓar Minna ko Suleja ko Kontagora saboda suna tsakiya, rayuwa ta fi Legas sauƙi, kuma wanda ƙauyensu ya tashi saboda tsaro yana samun wurin zama. In fili za ka saya a Maitumbi, Kpakungu, Chanchaga ko Bosso kana zaune a kudu, kada ka tura kuɗi a kan hoton waya. Takardar mai unguwa shaida ce, amma ba ita ce C of O ba. A je ofishin NIGIS a Minna a bincika ko filin na da wani mai shi ko gwamnati ta ware shi. A kuma je ganin wurin da damina, ba da rani ba. Ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayu 2025, wadda ta ci Tiffin Maza da Unguwar Hausawa ta kashe mutum fiye da 150, ta isa ta sa kowa ya tambayi inda ruwa ke bi kafin ya sa bulo. Gida mai ɗakunan haya biyu ko uku a gefe ya fi wa tsoho amfani a kan katafaren gida da ba ya kawo komai sai gyara.

Kuɗin magani kuma shi ne ramin da ke cinye ajiyar tsofaffi. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, Neja tana da NiCare, Legas tana da Ilera Eko. Ka tambayi abin da suke ɗauka da wanda ba sa ɗauka tun kana da lafiya.

In na rasu, wa zai karɓa?

Sunan da ka rubuta a fom a matsayin makusanci ba shi ne magaji ba, shi ne dai wanda za a fara nema. Kafin PFA ko banki su saki kuɗi sukan nemi takardar shaidar rasuwa da takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci, ko wasiyyar da kotu ta tabbatar. A Neja akwai kotunan shari'a da ke raba gado. A Legas ko Oyo ko Abia babu irinsu na gwamnati, sai a bi ta sashen gado na babbar kotu, shi ya sa mai dukiya a kudu yake buƙatar lauya ya rubuta masa cewa a raba bisa shari'ar Musulunci. Wasiyya ga wanda ba magaji ba kuma ba ta wuce sulusi.

Babbar matsalar fataucinmu ita ce komai a ka yake. Bashin da mahauta ke ci, shanun da ke hannun makiyayi a ruga, filin da aka saya da sunan ƙane, jarin wani da ke cikin naka. Ranar da mai shi ya faɗi, rabin dukiyar ta bi shi kabari, sauran kuma ya zama rigima tsakanin ɗakuna. Littafi ɗaya, ko da ajami ne, da shaidu biyu, ya isa. Sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a NIN, BVN da asusun fansho, don bambancin Muhammadu da Mohammed kaɗai yana riƙe kuɗin marayu wata da watanni.

Wa zan tambaya, kuma me ya sa ba zan bi abin da abokina ya yi ba?

Duk abin da ke sama bayani ne na kowa da kowa. Shawara kuwa sai an san ka. Ɗauki mutum biyu masu shekara 45. Ɗaya direban kamfani ne a Ikeja, albashi 100,000, ana zuba masa 18,000 duk wata, 216,000 a shekara, yana haya, yara huɗu. Ɗayan yana da shanu 40 da rumfa a Lokpanta, ba asusu ko ɗaya, mata uku. Na farko abin da ya fi buƙata shi ne muhalli da wata sana'ar da zai faɗa bayan aiki. Na biyu yana da dukiya, abin da ya rasa shi ne rarraba ta da rubuta ta. In suka bi shawara ɗaya, ɗayansu ya cutu.

Kafin ka je wurin kowa, ka san adadi ɗaya: nawa gidanka ke ci a wata. In 150,000 ne, shekara miliyan 1 da dubu 800 ke nan, shekara 15 kuma miliyan 27 a farashin yau. Adadin yana tsorata mutum, amma da shi ake gane nawa haya za ta kawo, nawa fansho, nawa dabba, nawa ya rage a kan 'ya'ya. Ka tafi da jerin abin da ka mallaka, bashin da ake bin ka da wanda kake bi, shekarun yaranka, da gaskiyar lafiyarka.

Ba mutum ɗaya ke da duka amsar ba. Ma'aikacin PFA zai buga maka lissafin fansho kyauta. Lauya na takardun fili da gado ne. Malami na halal da haram da zakka. Mai ba da shawarar zuba jari kuma dole ya kasance da rajista a hukumar SEC, kuma sunayen masu rajista suna shafinta na intanet, kamar yadda sunayen PFA masu lasisi suke a shafin PenCom. Yaron gida mai waya zai duba maka cikin minti biyar. Tambaya ta farko da za ka yi wa kowane mai shawara ita ce: in na bi maganarka, wa zai biya ka, kuma nawa? Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar. Wanda ka biya kuɗin zamansa daga aljihunka ya fi zama naka a kan wanda ya zo kyauta da fom a hannu.

Wanda kuma ya ce zai fito maka da kuɗin fanshonka ta bayan gida in ka ba shi kaso, ko ya nemi lambar sirrin katinka, ka tashi ka bar wurin. Haka mai alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, CBEX ta yi haka a Afrilu 2025 har fusatattu suka fasa ofishinta a Ibadan, kuma a irin waɗannan wanda ya kawo ka yawanci ɗan'uwa ne ko abokin sallah da shi ma ya yarda da gaske. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga masu shirya irin wannan, amma ɗaurin ba ya dawo da garatutin da aka zuba. Makonnin farko bayan an biya mutum kuɗin dunƙule su ne mafi haɗari, don a lokacin kowa ke zuwa da dabarar kasuwanci. Dattijon da bai taɓa kiwon kaji ko harkar Keke NAPEP ba, ya bar kuɗin a banki wata uku tukuna, ya zauna da mutum biyu da suka yi shekaru a sana'ar, ɗaya wanda ya ci riba, ɗaya wanda ya karye, kafin ya fitar da ko naira ɗaya.